Kafin wata annobar ta zo: wa zai yi magana da yawun mai sikila da mai ciwon suga?

A makon farko na azumin 2020, ana tsakiyar dokar kulle, 'yata ta biyu ta tashe ni da kuka wajen ƙarfe ɗaya na dare. Tana da sikila, shekararta tara a lokacin. Na taɓa jikinta na ji zafi rau, ta dafe ƙirji tana numfashi sama-sama. Duk uwar mai sikila ta san ba a jiran gari ya waye da irin wannan. Amma babu adaidaita sahu ko ɗaya a titi, motar maigida tana wajen bakanike tun kafin a rufe gari, ga shingen jami'an tsaro a kowace kwana. Da ƙyar wani maƙwabci ya yarda ya ɗauke mu. Asibitin farko muka tarar da shi a garƙame. A na biyu, da mai gadi ya ji an ce zazzaɓi da ciwon ƙirji, ko ƙofa bai buɗe mana ba.

Ina zaune a bayan mota da yarinya a cinya na tuna da wata baiwar Allah da muke haɗuwa a layin ganin likita, ita ma ɗanta mai sikila ne. Mun taɓa musayar lamba saboda maganar wani atamfa, ba don komai ba. Na kira ta ina jin kunyar lokacin. Bugu biyu ta ɗauka. Ita ta faɗa mini asibitin da ke karɓar yara a wannan makon, da ƙofar da za mu bi, ta kuma ce in riƙe katin yarinyar a hannu, kalmar farko da za ta fito daga bakina ta zama "sikila", kafin in ambaci zazzaɓi. Kwana huɗu kafin nan ta sha irin wahalar da nata ɗan. Haka muka yi, aka karɓe mu, aka yi ƙarin jini washegari, Allah ya ba yarinya lafiya.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne, wannan bayanin da ya cece mu babu shi a rediyo, babu shi a sanarwar gwamnati. Yana wayar wata uwa ce a wata unguwa. Da ban karɓi lambarta ba fa?

Ba mu kaɗai ba ne

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe jihar, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har farkon Yuli. Mutanen Kano ba za su manta da wannan Afrilun ba, yadda ake ta kai gawa maƙabartu, yawanci dattawa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona, akasari a jikin mutanen da dama suna fama da wata larurar. To sauran fa? Cikinsu akwai mai hawan jinin da maganinsa ya ƙare, da mai ciwon sugan da ya rasa likitan da zai duba shi. Asibitoci da yawa sun dakatar da ganin marasa lafiyar da ke zuwa su koma gida, wasu masu zaman kansu sun rufe ɗungurungum, likitoci da ma'aikatan jinya da dama sun kamu, kuma ba a ga laifin wanda ya ji tsoro ba tunda kayan kariya sun yi ƙaranci.

Haka abin ya kasance a kusan ko'ina. A watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 155 halin da ake ciki. Kashi 53 cikin ɗari suka ce kula da masu hawan jini ya samu tsaiko ko ya tsaya cak, kashi 49 suka ce haka game da ciwon suga, kashi 42 game da ciwon daji. Wato an kwashe ma'aikata da gadaje da motoci an kai fagen yaƙi da sabuwar cuta, an bar masu tsohuwar cuta su ji da kansu, alhali su ne sabuwar cutar ta fi kayarwa.

Ciwon da ake rayuwa da shi ba ya jiran a buɗe gari. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku yake buƙata a mako, idan ya tsallake ruwa da guba su taru a jikinsa. Yaron da ke kan allurar insulin, kwana ɗaya ko biyu babu ita yana iya faɗawa mawuyacin hali. Mai farfaɗiya da ya yanke magani farat ɗaya, faɗuwar na iya dawowa fiye da da. Hawan jini kuwa shi ne mugun shiru: Hajiya za ta ce ai ba ta jin komai, a bari sai bayan kulle, har ranar da ɓarin jiki ya shanye. Su kuma masu sikila, a ƙasar da ake ƙiyasin ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara, matsalarsu biyu ce. Ciwon ƙirjin da ke kama su yana zuwa da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, kamanninsa ɗaya da korona, ga shi jini ya yi wuya domin masu bayarwa suna kulle a gida.

Waɗanda suka riga mu shiri

Akwai rukunin marasa lafiya guda da suka fi sauran samun sauƙi a wancan lokaci, kuma ina ganin ya kamata mu ajiye ƙyama mu koyi darasi a wajensu: masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ba wai ba su sha wahala ba. Amma lokacin da aka rufe gari, da yawansu sun karɓi maganin wata uku, wasu har na wata shida, a zuwa ɗaya. Wanda bai iya fitowa ba, 'yan ƙungiyarsu suka bi shi da magani har gida ko wani wuri da aka yi alkawari, cikin sirri. Suna da lambobin juna, sun san wanda ya ɓace daga layi, suna kuma da shugabannin da za su ɗaga waya su kira jami'in gwamnati ya ɗauka.

Wannan ba a dare ɗaya ya samu ba. Tun 1983, a wani taro a birnin Denba na Amurka, masu cutar suka tashi suka ce ba za a ci gaba da yanke hukunci a kan rayuwarsu ba tare da su a wurin ba. A 1994, a taron Faris, ƙasashe 42 suka amince da wannan a rubuce. A Najeriya an kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu, NEPWHAN, a 1998, kuma tana da rassa a jihohi. Bayar da maganin watanni da yawa a lokaci guda ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2016 ga wanda jikinsa ya daidaita. Da korona ta zo, faɗaɗa shi kawai aka yi.

Misalin da ya fi burge ni daga lardin Tete na ƙasar Mozambik yake. A 2008, tare da ƙungiyar likitocin nan ta MSF, mutanen ƙauyukan da ke nesa da asibiti suka fara haɗa kansu rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce mutum shida ba. Duk wata mutum ɗaya zai tafi asibiti, a duba shi, ya karɓo wa sauran biyar ɗin maganinsu, ya kuma kai rahoton lafiyar kowa. Wata mai zuwa wani ya je. Da na fara jin labarin sai na yi dariya, na ce ai wannan adashe ne. Kuɗin mota ɗaya maimakon shida, layi ya ragu, kuma idan ɗaya ya fara wasa da magani akwai mutum biyar da za su lura. Mu da muka iya riƙe adashen mutum talatin shekara da shekaru ba tare da kwabo ya ɓata ba, me zai hana mu?

Gaskiya ne cewa maganin waccan cutar kyauta ake bayarwa, da tallafin ƙasashen waje, namu kuwa da kuɗinmu muke saye. Uwar da ke sayen maganin suga na kwana biyar-biyar a kemis, ka ce mata ta ajiye na wata uku, kamar ka yi mata ba'a ne. Amma wannan ma dalili ne na haɗuwa. Mutum arba'in da suka haɗa kuɗi suka sayi magani a sari ba farashinsu ɗaya da mai sayen sashe guda ba, kuma ƙungiya ce ke iya tsayawa a kan a sa 'ya'yanta cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Abin da mai ciwo ya sani, wanda ba ya cikin fayil

Idan aka ce a sa ƙungiyoyin marasa lafiya cikin shirin tunkarar annoba, wasu jami'ai suna ɗauka alfarma ce za a yi musu. Ni kuwa ina ganin su jami'an ne ke da buƙata. Wanda ya rubuta dokar kulle ya keɓe ma'aikatan lafiya da masu kai abinci, amma bai tuna da mai wankin ƙoda da ke tahowa daga wata jiha ba, domin babu mai wankin ƙoda ko matarsa a ɗakin da aka rubuta dokar. Da akwai, da a minti biyu an gane cewa ana buƙatar wata takarda ko kati da ɗan sanda zai gani a shinge ya ɗaga hannu. Wanda ya ware wasu ranaku na fita cefane bai lissafa cewa ranar da aka buɗe gari ba ita ce ranar da likitan suga ke zama ba. Wanda ya ce duk mai zazzaɓi ya zauna a gida ya kira lambar waya bai san cewa ga yaro mai sikila zazzaɓi kansa abin gaggawa ne ba.

Ga kuma jita-jita. Kun tuna yadda aka yi rububin kulorokwin a watan Maris na 2020, bayan shugaban Amurka na lokacin ya yabe shi, har aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha fiye da ƙima? A ƙasashe da dama masu ciwon lupus, waɗanda dangin wannan maganin ne abin shansu na kullum, sai suka neme shi suka rasa. An kuma yaɗa cewa wasu magungunan hawan jini suna ƙara haɗarin korona, mutane suka ajiye su, alhali ƙungiyoyin likitocin zuciya cewa suka yi a ci gaba da sha. Sanarwar rediyo ba ta kashe irin wannan magana. Abin da ke kashe ta shi ne muryar wadda kika sani, wadda ke shan irin maganinki, ta turo saƙo ta ce ta tambayi likita, kada kowa ya daina.

Har dabarun gida ma a bakin masu ciwo ake jin su. Iyayen yara masu allurar insulin sun daɗe suna sa kwalbar cikin leda su ajiye a jikin randa ko cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi idan babu wuta, irin tukunya-cikin-tukunyar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A 2021 MSF da Jami'ar Janiba suka fitar da binciken da ya nuna cewa insulin da aka fara amfani da shi yana riƙe ƙarfinsa har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Zafinmu na bazara yana wuce haka, shi ya sa randar take da amfani. Sabuwar uwa da aka sallamo daga asibiti jiya da kwalba a hannu, wa zai gaya mata wannan in ba wadda ta riga ta ba?

A takarda, duniya ta yarda. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin yadda za a riƙa damawa da masu cututtukan da ba a ɗauka da masu larurar ƙwaƙwalwa, a watan Mayun 2025 kuma ƙasashe suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba. Sai dai mun san yadda "damawa" take ƙarewa a wajenmu. A gayyato mace biyu ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, a ba su riga da hula, su ba da labarin wahalarsu har a yi ƙwalla, a ɗauki hoto, a ba su lemo da kuɗin mota. Ranar da za a zauna kasafin kuɗi ko a tsara wane sashe na asibiti za a rufe, babu wanda zai tuna da lambarsu. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ma'aunina guda ne: shin akwai abin da aka canza a cikin shirin saboda maganar da mai ciwo ya yi?

Daga bencin asibiti ake farawa

Bayan kulle, ni da waccan baiwar Allah muka fara karɓar lambobin iyayen da muke zama da su a benci ranar ganin likita. Ba mu da ofis, ba mu da rajista a lokacin, littafi ne guda na 'yan makaranta da zauren WhatsApp. A littafin muna rubuta sunan yaro, unguwa, rukunin jininsa, magungunan da yake sha, da wanda za a kira idan uwar ba ta kusa. Muka raba kanmu bisa unguwanni, kowace unguwa da mace ɗaya da ta san gidan kowa, domin ba kowa ke da babbar waya ba, kuma waɗanda ba su da ita su ne suka fi shiga haɗari. Muka nemi mai adaidaita sahu biyu da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare. Muka bi mazajenmu da ƙannenmu aka gwada jininsu, muka san wa zai iya ba wa. Wata ma'aikaciyar jinya ta yarda ta shiga zauren, da sharaɗin ba za a kira ta bayan sha ɗayan dare ba sai in rai ne.

Mun yi kurakurai. Wata uku ba a yi ba zauren ya cika da tallan maganin gargajiya mai "warkar da sikila gaba ɗaya", da hotunan barka da Juma'a, har saƙon gaggawa yana nutsewa a ciki. Sai da muka sa doka, muka cire mutum biyu, aka yi fushi da mu. Mun kuma hana ba juna magani: abin da aka rubuta wa ɗanki bisa nauyinsa da gwajin jininsa ba shi ne na ɗana ba, musamman irin su hydroxyurea da ake bin sa da gwaji. Babban abin da ya fi ba mu wuya shi ne sirri. Akwai uwar da ta ce kada sunan 'yarta ya shiga littafi, saboda dangin miji ba su sani ba, kuma tana tunanin ranar da za a zo neman auren yarinyar. Ba mu matsa mata ba. Muka rubuta lambarta kawai da alamar da mu biyu muka gane. Littafin yana hannun mutum biyu, ba a ɗaukar hotonsa, kuma duk wanda ya zo da sunan tallafi yana neman jerin sunaye, sai mun tambayi kowace uwa tukuna.

Ko ba ki shiga kowace ƙungiya ba, uwargida, akwai abin da za ki yi a makon nan. Ki sa a rubuta miki sunayen magungunan mai ciwon gidanku da adadin da yake sha a takarda guda, ki ɗauki hotonta a waya, ki tura wa wani ɗan'uwa. Ki daina bari sai ƙwayar ƙarshe kafin a sayo wani. Ko na mako biyu ne ki riƙa ajiyewa gaba, kina amfani da tsohon kina mayar da sabo don kada ya lalace. A zuwanku na gaba ki tambayi likita kai tsaye: idan aka wayi gari ba a iya zuwa nan, me zan yi, wace alama ce ba a jira da ita, ina zan nufa? Masu yaro mai insulin su tambayi yadda ake yi ranar da yaro ba shi da lafiya ya ƙi cin abinci, domin ba a dakatar da allurar haka kawai. Ki kuma duba katin rigakafi. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya fi kama yaran da ba a yi musu allura ba.

Kuma ba sai korona ta dawo ba. Sanƙarau yana nan duk bazara, amai da gudawa duk damina, zazzaɓin Lassa duk rani. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, mutane sun fita da kayan jikinsu kawai, magunguna da katunan asibiti suka bi ruwa. Yajin aiki ma yana rufe asibiti kamar yadda annoba ke yi.

Mataki na gaba shi ne wanda har yanzu muke fama da shi, wato samun kujera. Kusan kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi, manyan asibitoci suna da nasu kwamitocin, jiha kuma tana da cibiyar da ke tsara martani idan cuta ta ɓarke. Akwai tsofaffin ƙungiyoyi irin su ƙungiyar masu ciwon suga ta ƙasa da gidauniyar sikila da ke Legas, waɗanda ƙaramin zaure irin namu zai iya jingina da su. Abin da muke nema bai da yawa: a sa wakilin masu ciwo a zaman tun ana tsarawa, a rubuta cewa sashen sikila da na suga da na wankin ƙoda ba za su rufe ba ko da an rufe gari, a amince da katin asibiti a matsayin izinin wucewa a shinge, a kuma ba likitoci damar rubuta maganin wata uku ga wanda jikinsa ya daidaita.

Mun rubuta wannan a takarda shafi ɗaya, iyaye talatin da ɗaya suka sa hannu, wasu da dangwale. Mun kai sau biyu. A karo na farko an ce mai karɓa ya yi tafiya. A na biyu an karɓa, an buga hatimi a kwafinmu, an ce za a neme mu. Masu ciwon suga da ke zama a bencin da ke kallon namu sun ce a ƙara sunayensu idan za mu koma, kuma mun sa ranar komawa bayan ganin likita na wata mai zuwa.